Tafinta da Saƙon Hamma

Kwanakin baya ina zaune a bakin wani shagon kayan yaji a Al Ras, nan Dubai, inda nake zuwa kallon mutane tun da gwiwa ta fara ƙin dogon yawo, na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wani ɗan Maraɗi ne ya zo sayen kanumfari wajen wani tsohon Ba'iraniye da na sani shekara da shekaru. A da, in irin wannan ciniki ya taso ni ake aikawa a kira. Yanzu waya ce ke aikin. Ɗan Maraɗin ya yi mata Faransanci, ita kuma ta mayar wa mai shago da Larabci cikin wata murya ta mace da ba ta gajiya. Suna cikin haka ya damƙi kanumfarin ya sansana, ya juya wajen abokin tafiyarsa ya ce, da Faransancin dai, kayan ya kwana biyu, tsohon nan mayaudari ne. Ba da mai shago yake ba. Amma wayar tana kunne, kuma ba ta san wace magana ce ta cikin gida, wace ce ta fita waje ba. Kafin ya rufe baki ta riga ta kai. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ɗaure bakin buhunsa a hankali, ya ce, "Khalas, habibi. Yalla," ya nuna musu ƙofa. Ɗan Maraɗin ya fito yana zagin wayar, ni kuwa na ga ba ta yi ƙarya ba, abin da aka faɗa ta kai.

Da yamma na ba Malam Yohanna labarin. Shi ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a benen da nake zaune tare da ɗana a Al Khabaisi. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya taɓa koyarwa a makaranta kafin neman abinci ya jefo shi nan, kuma har yau ɗabi'ar malamai ba ta sake shi ba. In ya tashi aiki yakan hawo mu sha shayi, ni in yi masa tsiyar cewa sanyin da yake sayar wa mutane shi ya kama mini ƙafa. Da ya gama dariyar ɗan Maraɗi sai ya ajiye kofi ya ce, "Baba, ka san kalmar nan tafinta ba tamu ba ce?"

Na ce, "Ta wa ce? Ubana tafinta, ni tafinta, yau da tsufana za ka ce mini aro muka yi?"

Ya ce, "Aro ne, Baba. Ta Turawan Ingila ce, su interpreter suke cewa, bakinmu ya tauna ta ya fitar da tafinta. Kuma kada ka ji haushi, su ma ba tasu ba ce."

Ya gyara zama ya shiga jero mini kakannin kalmar kamar mai ba da asalin gidan da ake neman aure. Ingilishi sun karɓo ta daga mutanen Faransa, su kuma sun gaje ta daga Rumawan da, masu harshen Latin, waɗanda ke kiran irin mutumin nan interpres. Gaban kalmar, in ji shi, ba gardama a kai, tsakani yake nufi. Gindinta ne masana ba su daidaita ba, amma da yawa suna ganin dangin kalmarsu ce ta farashi. Wato tun farko mutumin kasuwa ne, mai tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, daga baya sunan ya bi duk wanda ke ɗaukar ma'ana daga wani ya kai wa wani, ko ta baƙon harshe, ko ta mafarki, ko ta shari'a. Na ce ashe kalmar ma fatauci ta yi, kowane zango ta sauka sai ta ajiye wani abu daga kayanta, har ta iso mana ƙarama. Ya ce, "Shwaiya-shwaiya ta zo, Baba," wato sannu-sannu, kamar yadda Larabawa ke cewa. Muka yi dariya, ya sauka ya tafi. Ni dai tsakanin nan da ya ambata shi ya zauna tare da ni, ya mayar da ni garinmu.

Garinmu yana can arewa, inda gonakin gero ke fara sirancewa. A bayan gari akwai zango, fili ne mai faɗi da itatuwan gawo da rijiya ɗaya, nan ayarin Buzaye ke sauka duk bayan girbi da kantun gishiri da dabino, su koma da hatsi. Kafin ka gan su kunnenka ya gaya maka sun zo. Raƙumi ba ya gurfana sai ya yi ƙorafi, ba ya tashi sai ya yi ƙorafi, in ɗari suka haɗu kuwa gari ba ya jin kiran juna. A ƙarƙashin wannan hayaniya akwai sautin dakan mata, don duk gida ana surfen geron da za a yi musaya, da ƙarar guga tana dukan bangon rijiya, da tafasar 'yar butar shayi a kan gawayi. Aikina a lokacin shi ne ɗaukar harawa daga gida zuwa zango, da jan ruwa har tafin hannu ya yi kanta, da hura wuta. Ina ƙin aikin ƙwarai, amma a bakin wutar nan Buzanci ya shiga kunnena ban san ya shiga ba. A nan Dubai ma nakan ga raƙuma in an fita da ni bayan gari, wajen garin Hatta, sai dai a bayan mota ake ɗaukarsu, sun yi ƙiba, kuma ban taɓa jin muryar ko ɗaya ba saboda gilashin motarmu a rufe yake.

Mahaifina ya sami Buzanci daga wajen uwarsa, wadda mutuniyar Abzin ce. Sunan tafinta kuwa wani Bature likitan dabbobi ne ya liƙa masa, da ya zo yi wa shanu da raƙuma allura ya rasa mai haɗa shi da makiyaya. Bature ya gama aikinsa ya tafi, suna ya zauna, har mutane suka manta da wanda aka raɗa masa ranar suna. Yana da yadda yake aikinsa. Ba ya zama in mutum biyu suna magana ta bakinsa, tsayawa yake ɗan gefe, idonsa a ƙasa, kada wani ya karanta a fuskarsa abin da bai iso ba tukuna. Kuma in magana mai zafi ta fito, zagi ko zargi ko rantsuwa, ba ya juyawa da ita nan take. Sai ya dubi mai maganar, ya tambaye shi da harshensa, ƙasa-ƙasa, "In kai?" In ya ce a bar ta, ta mutu ke nan, ko mahaifiyata ba za ta ji ba, kuma ta sha gwadawa. In ya ce a kai, to zai kai ta cif, ba ragi, ba zuba mata zuma. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya ɗan gyara wa mutane magana a zauna lafiya. Ya ce, "Ni ba alƙali ba ne, kuma ba tela ba ne. In na gyara sau ɗaya, gobe wa zai yarda da bakina? 'Yar dakatawar nan kawai nake da ita da zan ba mutum, ya sake jin abin da ya faɗa." Yawancin mutane, in suka sake ji, sai su ce a bar ta.

Lokacin da gemu ya fara tsiro mini kunnen mahaifina ya yi nauyi, aikin ya dawo kaina. A kakar nan wani madugu da ake kira Agali ya sauka, kamar yadda ya saba, a gidan Baba Mati, wanda shi ne mai masaukinsa tun kafin a haife ni. Tare da shi akwai ɗansa Hamma, sa'ana, doguwar tafiyarsa ta farko ke nan. A hanya ƙaya ta soke shi a dunduniya, wurin ya ruɓe, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, don ruwan rijiyoyin hanya ma ba ya jira. Da ranar komawa ta zo Agali ya kama hannun Hamma ya sa a cikin na Baba Mati, ya ce in gaya masa ga amana, sai baɗi. Na gaya masa. Hamma yana zaune a ƙofar zaure yana kallo har raƙumin ƙarshe ya shige bayan tudu.

Ƙafar ta warke. Baba Mati ya kira wanzami ya tsaga, matarsa ta riƙa gasa wurin da ruwan zafi safe da yamma, tana dama masa fura da nono mai kauri fiye da ta 'ya'yanta, har su suka fara gunaguni. Ni kaɗai ne a garin yake iya hira da ni ban da mahaifina, don haka muka shaƙu. Ya koya mini yadda ake gane sawun taguwa, wato raƙuma, mai ciki, na koya masa cin tuwo da miyar kuka, abin da har ya bar duniya bai yafe mini ba. Yana da dariya marar sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Amma in la'asar ta yi sanyi yakan je bayan zango shi kaɗai ya zauna yana fuskantar hanyar arewa, kuma na koyi kada in bi shi.

Damina ce ta kashe shi. Jikinsa bai san sauronmu ba, zazzaɓi ya kwantar da shi, aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, aka ɗauko 'yar ƙwayar maganin da ke akwai a garin, abin sai gaba yake. Wata rana da hantsi ina zaune kusa da tabarmarsa ina kora masa ƙuda, ya buɗe ido ya ce in babansa ya zo in gaya masa wata magana. Ya faɗe ta. Magana ce mai nauyi, irin wadda ciwo da kaɗaici ke matso wa daga cikin mutum, kuma hawaye na bin gefen fuskarsa yana faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in tashi in fita. Ban san abin da zan yi ba sai abin da na gani ana yi. Na sunkuya na ce, "Hamma, in kai?" Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya kwashe shi. Sai washegari, da jikin ya ɗan yi sauƙi irin sauƙin nan mai ruɗi, ya kamo bakin rigata ya ce, "Ta jiya, bar ta. Ka ce masa ban yi kuka ba." Bai ƙara kwana da yawa ba ya cika. Baba Mati ya yi masa sutura da ƙyallen da ya ajiye wa kansa, aka kai shi maƙabartar gari.

Yau in mutum ya rasu a Kano, kafin a gama yi masa wanka 'yan'uwansa na Dubai sun ji, har sun fara tura wa juna hotonsa. Ban ce wannan ba alheri ba ne. Amma a wancan zamani labari ƙafa gare shi, kuma ba wanda ke tafiya arewa da damina. Haka muka zauna da mutuwar nan a hannunmu, gero ya yi bununi, ya nuna, aka girbe, muna sane da cewa can wani wuri akwai mutum yana ɗaure kaya yana murnar zuwa ɗaukar ɗansa. Kuma kowa a garin ya san ta bakin wa zai ji. Na je wajen mahaifina na roƙe shi ya karɓe ni ranar. Ya ce kunnensa ba zai kama maganar mai kuka ba, kuma ba shi aka ba saƙo ba.

Ayarin ya iso da rana tsaka. Agali bai tsaya sauke kaya ba, ya bar wa mutanensa, ya taho gidan Baba Mati da ɗan ƙunshi a hammata. Aka shimfiɗa masa buzu a zaure, aka kawo ruwa, don ba a gaya wa baƙo mugun labari da ƙishi a maƙogwaronsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya hanya, ya raƙuma, ya mutanen gida, ina juya kowace kalma. Idonsa na kan ƙofar cikin gida. Ya kwance ƙunshin ya nuna mana, rawani ne baƙi mai sheƙi, domin Hamma ya kai shekarun da za a naɗa masa ya rufe baki da amawali kamar manya. Nan Baba Mati ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaya masa amanar da ya ba ni, Mai ita ya karɓa." Wannan ba maganar da ake tambaya a kanta ba ce. Na juya na kai.

Agali bai motsa ba. Ya daɗe yana shafa rawanin da babban yatsa. Sa'an nan ya yi magana, muryarsa a daidai kamar mai tambayar farashin hatsi. Ya ce ya bar ɗa mai ciwon ƙafa, ba mai ciwon mutuwa ba, kuma da ɗan gidan ne da an san yadda aka yi ya rayu. Na dube shi na ce, "In kai?" Ina fata ya ce a'a. Ya ce, "Kai." Na juya wajen mutumin da na ga yana tsaye kan yaron nan har ya rame, na faɗa masa ita yadda take, ban rage ko harafi ba. Ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin wannan ba, kuma na ga inda ta same shi. Fuskar Baba Mati ta canza. Ya ce, "Ka ce masa wanda ya damu da ɗansa ba ya yar da shi a gidan wani ya bi gishiri."

Maganar ta yi kusa da wata da na riga na ji. Na san in ta isa kunnen Agali ba za ta fita ba har ya mutu, kuma zumuncin da ya girme ni zai ƙare a zauren nan. Ba ni da ikon riƙe ta. Na ce, "Baba, in kai?" Kukan raƙuma na tasowa daga nesa. Baba Mati ya dubi rawanin da ke kan cinyar baƙonsa, ya daɗe yana dubansa, sai ya sa hannun riga ya share ido. Ya ce, "Bar ta, ɗana. Ka ce masa ya tashi in kai shi ya gan shi."

Muka tafi maƙabarta mu uku. Baba Mati ya nuna kabarin, yana kusa da na mahaifinsa, an kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, an share ciyawar da damina ta fitar. Agali ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, ya ga yadda aka kula da wurin, ya miƙa hannu ba tare da ya ɗago ba ya kama na Baba Mati, kuma wannan bai buƙaci tafinta ba. Sa'an nan ya juyo wajena ya ce ya ji ni ne abokin ɗansa, ko ya bar masa wata magana.

Na ce, "Ya bari. Ya ce in gaya maka bai yi kuka ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. A wajensu wannan ba ƙaramar magana ba ce, ita ce shaidar cewa yaro ya zama namiji, kuma na ga ƙirjinsa ya ɗaga ya sauka. Amma Agali ya shekara da yawa yana magana ta bakin mahaifina, ya san yadda gidanmu ke aiki. Ya zuba mini ido ta saman amawalinsa ya ce, "Iyakar abin da ya ce ke nan?"

Na ce, "Iyakar abin da ya ba ni in kawo ke nan."

Ya gane. Na ga ya gane, kuma na ga yana auna ko ya tambaya. Da ya matsa mini ban san yadda za mu ƙare ba, don ba zan yi masa ƙarya ba, ba kuma zan ba shi ba. Ya daɗe yana kallona, ni ina kallon ƙasa. Daga baya ya ja amawalin ya rufe har idonsa, kafaɗunsa suka fara rawa ba sauti, irin yadda na ɗansa ke yi in yana dariya. Da ya natsu ya tashi, ya naɗe rawanin ya ɗora mini a hannu. Ya ce, "Wadda ya bar maka, riƙe masa."

Agali ya ci gaba da sauka a gidan Baba Mati har ƙarfinsa ya ƙare, kuma bai sake tambayata ba. Mahaifina ma bai tambaya ba. Su duka sun riga mu gidan gaskiya, motoci sun karɓe gishirin, zangon ya zama unguwa. Ni na bi fatake zuwa Kano, daga can zuwa Jidda, daga can zuwa nan, na juya maganar kargo da kwantena da biza har ba iyaka, na manta kusan dukkanta. Ta Hamma ce kaɗai ban manta ba, kalma da kalma, da muryarsa. Wani lokaci tana yi mini nauyi, musamman yanzu da na ga babu sauran wanda za ta yi wa ciwo in na faɗa. Na yi tunanin rubuta ta a nan in huta, har na ɗaga hannu. Amma mai ita ya ce a bar ta, kuma ba ya nan balle in sake tambayarsa.